Wayar da Awakin Yayana Suka Tauna

Damina ba ta yi ba a shekarar, sai ga sojoji sun karɓe mulki. Mu a Agadez mun ji a rediyo, muka ci gaba da neman hatsi. Baƙi ƴan yawon buɗe ido sun daɗe da ɗauke ƙafa, tsohuwar motata kat-kat da nake kai su sahara da ita ta koma jigilar albasa daga Tabelot, in an samu.

Yayana yana kiwo ne a wajen In-Gall. Ya aiko in je in ɗauko shi. Na tarar shanunsa sun ƙare, sauran awaki huɗu da ba sa iya tsayuwa. Muka kwantar da su a ƙasan mota, bayan kujeru. A shingen shiga gari wani soja ya leƙo, ya dube su, ya ba mu hannu mu wuce bai ko nemi takarda ba.

Washegari da na tada mota, wata jar fitila ta ƙi mutuwa a gabana: hoton mutum zaune da ƙwallo a fuskarsa. Ta erbag ce, jakar iskar da ke buɗewa ta tare mutum in an yi haɗari. Matata ta ce ba za ta sake shiga ba, ta ji ana cewa abin yana fashewa haka kawai. Wani tsohon makanike a unguwarmu ya ce in cire ƙwan fitilar in huta, kowa haka yake yi. Da na ƙi, ya ce to in cire kan batir tukuna, in jira, kuma kada in kuskura in sa wa rawayar wayar erbag ɗin wuta don gwaji.

A tsakar gida na yi aikin, kwana biyu, cikin zafin da ƙarfe ba ya taɓuwa. Na duba fis-fis, lafiya lau. Na buɗe ƙasan sitiyari, ban ga komai ba sai yashi. Bayana ya ƙage, gumi yana shiga mini ido. Yayana yana zaune a inuwar katanga. Tun isowarsa sai dai salla da shayi.

Rana ta biyu na tura kujerar gaba, na kwanta na leƙa. Ga rawayar waya an taune ta, roba ta tafi, zaren jan ƙarfe biyu a tsinke. Yunwa ta sa awakin suka ci. Na nuna masa. Ya daɗe yana juya ta a hannu.

"Har takarda sun ci a can," ya ce. "Har igiyar guga."

Na fere bakin wayoyin, na haɗa kowace da ƴar'uwarta, na liƙe da dalma, na naɗe. Shi ya riƙe mini su. Na mayar da batir, na murɗa makulli. Fitilar ta kama, ta ɗan jima, ta mutu. Ban ji wani farin ciki ba, gajiya kawai.

A cikin satin akuya ɗaya ta mutu. Da muka dawo daga yar da ita bayan gari, ya tsaya jikin motar ya ce in koya masa tuƙi. Mutumin da ya goya ni, ya ba shekara hamsin baya. Na ce to, Yaya. Da asuba muka fita fili, na nuna masa inda birki yake.