Haladu da Turmin Tangaran

Haladu mutumin Auyo ne, ɗan masunci, amma ruwa bai karɓe shi ba. Tun yana ƙarami kwalekwale yake sa shi jiri. Sai ya shigo Haɗejiya, ya sami aikin wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na wata kwaleji. Shekara ashirin da shida ya yi, ba a taɓa cewa ya fasa ko ɗaya ba. Halinsa guda ne da kowa ya sani: bai iya ganin abu a hargitse ya wuce ba. Matarsa Saude takan ce ko gishirin miyarta ne ya dunƙule da damina, kafin ta juyo ya murtsuke shi.

A shekarunsa na ƙarshe aka kawo Malama Nuriyya, mai neman digiri na uku. Wasu fararen ƙwayoyi take haɗawa daga sinadarin jan ƙarfe, kamar sukari. A ido ba su da abin kallo, amma in ta sa su cikin kwali mai duhu ta haska musu wata shuɗiyar fitila, sai su kama haske kore shar. Ta ce masa ƙarfen ne ya taru gungu-gungu a cikinsu, ƙanana ƙwarai, kuma daga yadda gungun ya zauna hasken yake fitowa. Wata bakwai ta yi kafin ta tara cikin cokali guda.

Da za ta tafi Kano kwana uku, ta miƙa masa makullin kabad ɗin da kwalbar ƙwayoyin take ciki.

"Baba Haladu, ga jaririyata nan. Ba ta cin abinci, ba ta kuka."

"To ai ta fi nawa na gida, Malama," in ji shi.

Tsakiyar damina ce, fadama ta cika, bango ma gumi yake yi. Kwana biyu da tafiyarta ya ga ƙwayoyin sun manne da juna. Ya ɗauko ƙaramin turmin tangaran, ya niƙe su lilis, ya mayar, ya goge kwalbar. Ya tafi gida yana jin ya kyauta.

Ta dawo, ta kunna fitila. Ba kore. Garin sai ci yake yi ja-ja, kamar garwashi. Ta daɗe kanta na cikin kwalin.

"Baba, wani ya taɓa kwalbar nan?"

"Makulli bai bar aljihuna ba, Malama."

Kuma bai yi ƙarya ba.

"To danshi ne ya ruguza su. Ni ce ban rufe da kyau ba."

Ta rubuta a littafinta cewa ya lalace, ta ba shi ya zubar. Ya zubar. Ta sake farawa daga tushe, digirin ya ƙara jan shekara guda. A shekarar nan Haladu kan riga kowa zuwa, ya kuma shiga kawo mata busasshen kifi daga Auyo. Duk godiyar da ta yi masa sai ya dubi ƙasa.

Bayan shekara biyu ta kira shi, ta nuna masa hotuna a wayarta. Wasu masu bincike ne a wata ƙasa, da irin ƙwayoyinta: ga su kore, ga su ja, ga su sun koma kore da aka ɗan ɗumama su. Duk inda aka yi maganar, sunayensu ake kira.

"Ka ga, Baba, niƙa su kawai suka yi. Abu yana hannuna shekara da shekaru, ban taɓa tunanin in niƙa ba. Rabo ke nan."

Ta yi dariya kaɗan. Shi kuwa ya ce zai je ya duba ruwan famfo.

Saude ya fara gaya wa. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"To ka gaya mata mana, Malam. Ko sai an tsayar da ku tare a can?"

Ya ƙara wata tara yana juya maganar. Ranar da zai ajiye aiki, ya tarar da ita tana duba takardun ɗalibai. Ya cire takalmi, ya tsaya a bakin tebur, ya faɗi komai tun daga turmin. Ta ajiye biro.

"Ranar da na tambaye ka fa?"

"Kunya na gudar wa kaina, Malama."

Fankar sama ta yi ta juyawa tsakaninsu.

"Na yafe niƙan, Baba. Alheri ka nufa."

Ya tsaya yana jiran sauran. Ta ɗauki bironta, ta jawo takarda ta gaba.

Yanzu Haladu yana Auyo, yana noman shinkafa a gonar ƙanensa. Kowace salla Malama Nuriyya takan aiko masa da gaisuwa, ta tambayi lafiyar iyali da ruwan bana. Yakan sa mai saƙon ya maimaita masa kalmominta sau biyu, a hankali, ko zai ji sauran yafiyar a ciki, sannan ya ce a ce yana amsawa.