Usta Toktosun, Mai Ƙara Wa Motar Boz-Jilga Numfashi

Shekara ashirin da shida Usta Toktosun, makanikin garinmu, bai taɓa shan shayin safe ba sai ya sallami mota. Da an idar da asuba zai ɗebo garwashin kashin shanu a wani tsohon faranti, ya durƙusa ya tura ƙarƙashin tankin a-kori-kurar ƙauye, domin a nan Boz-Jilga, garinmu na kan tsauni, in sanyi ya kankama, man dizal daskarewa yake kamar man shanu. Sai ya zauna a kan tsohuwar taya, hannu cikin hammata, yana jira. In mai ya saki, ya zaro sandar gwajin baƙin mai ya murza a yatsa ya shinshina, ya leƙa ƙarƙashi ko akwai ɗigo. Matarsa Burul-eje ta leƙo ta ce, "Usta, shayi fa ya huce." Ya ce, "Ɗumama." Ta ce sau uku take ɗumamawa kullum, kuma har yau tana jiran ranar da zai ce mata sannu.

Motar nan ita kaɗai gare mu. Tsakaninmu da asibiti akwai Wuyan Kizil, hawan da in ka kai rabinsa kai da kanka sai ka tsaya neman iska. Inji ma haka. Da can, in ta iso gwiwa ta bakwai ta hanyar sai ta fara tari tana aman baƙin hayaƙi, kowa ya sauka, maza su tura, mata su bi da duwatsu suna sa wa taya waigi. Mun saba har muna wasa da abin. Wasan ya ƙare ranar da aka sauke wata mai naƙuda a gwiwar nan, aka ɗauke ta cikin bargo zuwa sama. Uwar ta rayu, ɗan bai zo da rai ba. Usta na cikin mutum huɗun da suka riƙe bakin bargon. Da ƙanƙara ta narke ya tafi birnin Osh.

Ya dawo da ƙarafa biyu masu siffar katantanwa, ƙarami da babba, naɗe cikin tsohuwar riga. Turbo ake ce musu. Ya ce hayaƙin salansa ne zai riƙa juya su, su kuma su riƙa cusa wa inji iskar da dutse ya hana shi: ƙaramin ya kama aiki tun mota na jan ciki, babban ya karɓa in ta ɗauki wuta. Ƙanin matarsa Mamir, wanda shi ne direba, ya zagaya su yana dariya.

"Usta-ake, yayana, yanzu tsohuwar nan za ka sa wa huhu biyu? Ai gara ka sa wa kanka, ko ka daina tari a masallaci."

"Miƙo sifana mai lamba sha uku," in ji Usta.

"Ni direba ne, ba ɗan garejinka ba."

Damina guda cur motar ta yi a tsakar gidansa, ciki a buɗe. Bututun da babu a kasuwa shi ya lanƙwasa ya yi musu walda. Ya samo lagireton wata matacciyar babbar mota ya mai da shi masanyayar iska. Ya ƙara wa famfon mai ƙarfi, inji ya fasa gasket, ya sake, ya sake fasawa, sai da ya canja kusoshin kan injin gaba ɗaya. Kuloci ya ƙone ya nemo mai kauri. Kajin Burul-eje suka koma yin ƙwai cikin akwatin noti. Mutane kuwa, da muka yi wata uku muna hawan doki da jaki, babu irin sunan da ba mu kira shi da shi ba. Na faɗa ne da ni a ciki.

Ranar gwaji mutum goma sha huɗu muka hau, da buhunan gari takwas. Da muka iso gwiwa ta bakwai kowa ya tattara rigarsa zai dira, bisa sabo. Mota ta yi wani siririn fito ta wuce. Ba ta tsaya ba har sama. Wata tsohuwa ce ta fara cewa, "To yanzu ni dutsen da na riƙo, in yi yaya da shi?"

Da labarin ya tsaya nan, da Usta ya huta. Amma a saman Wuyan Kizil akwai kabarin wani bawan Allah, kuma tun kakanni ba a wuce shi sai an tsaya, an yi tsit, an yi fatiha. Mai doki ya sauka, mai mota ya kashe inji. In an shafa, direba ya sake ta a firi ta gangara da kanta har ƙasa, a rage shan mai. Haka uban Mamir ya yi, haka Mamir ke yi. Cikin sati shida turbo biyun suka kama, suka ƙi juyawa. Usta ya kwance su ya ga mai ya soye a ciki ya zama gawayi. Sai da ya bi motar da kansa ya gane: ƙarfe ya yi jajir da hawa, ana kashe inji mai ya daina zagayawa, abin da ya rage a ciki ya dahu.

Ya je gaban dattawa ya roƙi a bar inji yana silo a bakin kabarin, ko na minti biyar. Dattijo Abdikerim ya kalle shi sama da ƙasa.

"Toktosun, ubanka a nan ya sauka daga doki ya cire hula. Kai kuma ƙarfe za ka bari yana gurnani a kan mamaci?"

"Ata, babanmu, mamacin ya riga ya huta. Masu rai nake ji."

"To ka ji su. Amma kada ka tsaya sahu ɗaya da mu a wurin."

Bai sake tsayawa a sahun ba. Ya gyara turbo, kuma da yake ya san hannun Mamir da kansa yake zuwa kan makulli, sai ya riƙa bin kowace tafiya. Shekara tara. Mu mu sauka mu nufi kabari, shi yana zaune a gaba, tafinsa rufe da makulli, yana karanta tasa fatihar shi kaɗai cikin ƙarar inji. Akwai waɗanda suka daina amsa gaisuwarsa, alhali 'ya'yansu a bayan motar nan aka kai su asibiti suka dawo da ƙafafunsu. Na san ya gaji. Ana ganin gajiyar a yadda yake hawa mota, ƙafa ɗaya, ya huta, sannan ɗayar.

Bara da kaka tarin nan ya zama wani abu dabam. Leɓɓansa suka yi shuɗi, ba ya iya kwanciya sai a jingine. Ma'aikaciyar jinyarmu ta ce zuciya ce da huhu, a sauka da shi yau, kuma kada a ɓata lokaci a sama. Mamir ya ɗauke shi, Burul-eje na riƙe da kansa. Suna gab da ƙwanƙolin Wuyan Kizil Usta ya buɗe ido.

"Tsaya. Ƙaramin na kuka. Mai na zuba."

"Ya zuba!" in ji Mamir. "Za ta kai mu ƙasa."

"Za ta kai ni. Ta ƙone. Hanyar Osh ta kusa rufewa, ina za ku samo wani turbo kafin bazara? Mata nawa ke da ciki a gari?"

Burul-eje ta ce, "Biyar." Tana kuka ta faɗa, don ta san abin da amsar za ta jawo.

Bututun da ke kai wa ƙaramin turbo mai ne ya tsage a wuya. Hannun Usta ba ya iya riƙe ko kofi. Mamir, wanda ya shekara yana cewa shi ba ɗan gareji ba ne, ya kwanta bisa ƙanƙara da sifana, Usta na jingine da taya yana ba shi umarni kalma ɗaya-ɗaya, tsakanin kowace kalma sai ya nemi numfashi. Yanke. Faɗaɗa bakin. Ba haka ba, jaki. Ɗaure. Minti arba'in suka yi a wurin da aka ce kada ya yi biyar. Kafin su kai ƙasa ya suma.

Ya rayu, alhamdu lillahi. Yana Osh gidan 'yarsa, da robar iska a hanci. Likita ya ce abin da ya rage na zuciyar ba zai sake ɗaukar tsauni ba, ko da ziyara. Wato mutumin da ya buɗe mana hanya ita ta rufe a bayansa, kuma wannan yana min ciwo ƙwarai. A hunturun nan motar ta haye sau goma sha ɗaya. Matan nan biyar, biyu a asibiti suka sauka, ɗaya sai da aka yi mata aiki.

Usta Toktosun, kai ne ka ɗauki zagin gari a kai don garin ya samu hanya. Kai ne ka yi shekara tara kana addu'a kai kaɗai, muna jin ka muna kawar da kai. Ba mu taɓa ba ka ko takardar yabo ba, kuma na san da an ba ka, hannu za ka goge da ita. Mun gode, mai hannun baƙin mai. Allah ya ba ka numfashin da ka ba mu.

Ku kuma da kuka rage a sama, kada ku tsaya ga cewa Allah sarki. Ku je wurin Mamir ku koyi riƙe sifana tun yana da ƙarfin nuna muku, don shi ma ya haura hamsin. In kun iso kabari ku bar inji ya huce kafin ku taɓa makulli. Dattijo Abdikerim da bakinsa ya ce a yi hakan yanzu.

Wannan saƙon na dattijo Mamir ya kai masa Osh da kansa, yana zaton zai yi murna. Ya ce Usta ya cire robar daga hanci ya ce, "To. Ka ce masa na gode. In kun tsaya, ku bar min wuri a sahun."