Shaidar da Lurwanu Ya Ɗauko Daga Jidda

Lurwanu ɗan ga-ruwa ne a unguwar Jarwal ta Makka, ya shekara talatin a sana'ar. A 1947 abokan aikinsa suka zauna domin tsige shehunsu, wato shugaban 'yan ga-ruwa, bisa zargin ya mari wani dattijo. Tsohon magatakardan shehun, Tijjani, wanda ya koma Jidda, ya rubuta labarin marin a littafin tarihin rayuwarsa, littafin kuma ya faɗa hannun jama'a.

Magoya bayan shehun suka ce, "Takarda ba ta rantsuwa, ba mu yarda ba."

Lurwanu ya miƙe ya ce, "To, zan kawo muku mai rantsuwar."

Ya taka har Jidda, ya dawo da Tijjani ranar ta huɗu. Tijjani ya rantse gaban kowa, aka tsige shehun. Mata suka raka Lurwanu gida da guɗa, yana ɗingishi yana dariya.