Ranar da 'yan sa-kai suka leƙa Zara

"Ɗaga hannunka!"

Jiya bayan magariba ina bayan gidanmu a Kurfi, na kafa madubin hangen nesa zan ɗauki hoton tauraruwa Zara da wayata. Da jin wannan tsawar na juyo, sai ga 'yan sa-kai uku sun auna ni da bindigogi. Wai an ce musu ina yi wa ɓarayin daji leƙen asiri.

Dattijon cikinsu ya ce, "Mi kake hange da bututun nan?"

Na ce, "Baba, leƙa da kanka."

Ya daɗe a duƙe. Da ya ɗago ya ce, "Ashe Zara kamar jinjirin wata take? Ku sauke bindigogin."

Tsoro ya kai mu inda kallon sama ma sai da bayani. Ku ma haka ne a garinku?