Ƙarfen da Na Ɓoye a Ƙarƙashin Gado

Ni ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubutawa, amma wannan abu zai bi ni har kabari. Allah ya jiƙan mai gidana. Shekaru ya yi yana tuƙa babbar mota a wajen haƙar uraniyom a nan Arlit, har tari ya ɗauke shi. Ya taɓa kawo wani faifan ƙarfe daga cikin tarkacen wurin aiki, muka mai da shi murfin randa.

Ina cikin takaba maƙwabciyata ta shigo da sauri. Ta ce 'yan sanda na bin gida-gida da wani mai na'ura, suna neman ƙarafan kamfanin haƙar. "Wallahi, duk wanda aka samu da shi, sai kwamisariya, ofishin 'yan sanda!"

Tun muna yara, in an ga kaki gudu ake yi. Na ce shi ke nan, za a kira mijina ɓarawo, ƙasar kabarinsa ba ta ko bushe ba. Na ɗauke ƙarfen na tura ƙarƙashin gadon da nake kwana da jikata, 'yar shekara uku.

Da hantsi suka iso. Wani ɗan sanda ya yi sallama ya ce, "Inna, akwai ƙarfen kamfani a gidan nan?" Daga bayan labule na ce babu. Mai na'ura ya zaga tsakar gida, ya doso ƙofata, ɗan sandan ya tare shi. "Takaba take yi, ba a shiga." Suka yi mini ta'aziyya suka tafi. Har hamdala na yi, kaitona.

Sai bayan na fita takaba, a wajen wani suna, na ji mata na cewa ba a kama kowa ba. Wai ƙarafan guba gare su, wadda ido ba ya gani, tana cin jiki a hankali. Wata huɗu yarinyar nan tana kwana a kansa!

Da ƙafata na je kwamisariya, na faɗa musu gaskiya. Ɗan sandan nan ya biyo ni da mai na'ura. Suna kusantar gadon na'urar ta hau ƙara ba tsayawa. Mutumin ya ja da baya, ya ce, "Wa ke kwana a nan?"

Na nuna ta. Tana bakin ƙofa tana cin dabino.

"Haba Inna, don me ba ki faɗa ba?" in ji ɗan sandan.

"Tsoronku nake ji, ɗana."

Ya sunkuyar da kai, suka ɗauke ƙarfen suka tafi da shi.

Jikata ta girma yanzu, likita ya ce a riƙa kai ta awo. Ko tari ta yi, sai hawaye su zubo mini. Abin da na koya shi ne, in hukuma ta zo ƙofarka, ka daure ka tambayi abin da ya kawo ta. Su kuma 'ya'yanmu masu kaki, don Allah su riƙa yi mana bayani kafin su yi tambaya, domin mai jin tsoro ba ya faɗin gaskiya.