Mai Huɗa a Tsaye

Yana tsaye a garejin tarakta na garin Gushegu, dogo, jar ƙasa har gira, hannunsa na hagu dungu. Ihu yake wa bakanike.

"Wumbei, yanke wayar nan ta ƙarƙashin kujera! Da na miƙe in hango kututture sai inji ya mutu. Gonakin mutane na jira!"

Wumbei na kallon dungun.

"Kallon me? Tsohuwar tarakta ce ta ci shi."

"Ita ai ba ta da wayar, yaya."

Ina gefe ina kallo. Ban san mai dungun ba, amma ji nake kamar in kwaɗa masa mari. Wataƙila 'ya'ya ne rututu a gida. To wa zai ciyar da su ran da garma ta bi ta kansa?

Ya fizge filaya, ya danne wayar da dungun, ya datse ta da hannun da ya rage.