Dawar Iya da Ke Rataye Bisa Murhu

Mun tashi daga Ƙofar Dumi da ƙarfe shida saura kwata na safe, mu huɗu: ni, da direba, da wani dattijon Bafulatani, da Iya. Iya tsohuwa ce da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensu damina biyu da suka wuce, yanzu tana zaune a gidan maƙwabcinmu. Abu ɗaya muka je ɗaukowa, irin dawarta. A ƙauyensu, idan an yi girbi, akan zaɓi zangarnu mafi kyau a ɗaure, a rataye bisa murhu don hayaƙi ya kori ƙwari. Da gudu ta fito, ta bar nata a can. Iri kuwa in ya daɗe, ba ya tsirowa.

Ƙa'idar ƙungiyarmu ta zaman lafiya ita ce a je da rana, manomi da makiyayi a mota ɗaya, ba makami. Don haka na caje kowa. Na karɓe wuƙar direba, da askar dattijo, har rezar yankan farcen Iya. Sandar dattijon kaɗai na bar masa.

Da farko kwalta ce, duwatsun Bauchi suna binmu kamar ba su gama barci ba. Mun sha shayi a hanya. Burodin ya ƙanƙance, kuɗinsa ya girma. Daga nan muka sauka burji. Gonaki dama da hagu, babu ko kara ɗaya, sai ƙaya da busasshiyar ciyawa.

A gari na ƙarshe 'yan sa-kai suka ce za su raka mu da bindigoginsu. Iya ta leƙo ta taga.

"Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana. Bindiga ce ta fitar da ni. Ba ita za ta mayar da ni ba."

Mun isa ƙarfe goma da minti ashirin. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Mangwaro ya nuna, ya zube, babu mai ɗauka. Kurciya ta yi sheƙa a bakin rumbu. Iya tana tafe tana gaida gidaje da sunayen masu su, a hankali, har na fara jin kamar ana daka a wani wuri.

Dawar na nan, baƙa ƙirin da hayaƙi, ɗaure da igiyar fata wadda ta bushe kamar ƙarfe. Fizga za ta kakkaɓe ƙwayar. Babu mai abin yanka.

"Malam, ka ga ladan cajenka," in ji direba.

Laifina ne kuwa. Dattijo ya kifa turmi ya hau, ya jiƙa ƙullin da ruwan butarmu, ya dinga lallaɓa shi da yatsu. Yana yi yana faɗa mana cewa karan wannan dawar shanunsa ke ci bayan girbi, su bar wa gonar taki. Yanzu shanu ba kara, gona ba taki. Minti arba'in ya ɗauka kafin ƙullin ya kwance.

"Sannu, Baffa," in ji Iya, ta tara zaninta.

Mun shigo Bauchi da la'asar, tana gyangyaɗi, dawar a cinyarta. Na zuba kaɗan a jiƙaƙƙen tsumma. Rana ta huɗu wasu suka fito da farin tsiro, ba su kai rabi ba.

Abin da na koya shi ne, faɗa ba mutane kaɗai yake kashewa ba, har abin da za a shuka baɗi. Wannan irin ba zai jira wata damina ba, Iya kuma ba ta da gona. In kana da fili a bayan gida, ko can unguwar Gwallameji ne, ka zo Ƙofar Dumi kafin ruwan farko ka karɓi tafi ɗaya ka shuka. Idan ta nuna, ka zaɓi zangarniya mafi kyau ka kawo mata.